Kwiksot ɗina da sifilin ranin Sakkwato

Jama'a yau dai kwiksot ɗina, wato kod ɗin jera lambobi daga ƙarama zuwa babba ta hanyar raba su gida gida, ya jera ruwan saman Sakkwato na shekara 40 bai faɗi ba, kuma wallahi daɗin da na ji sai ka ce albashi anka ƙara min. Bari in ba ku labarin abin da ya riƙe ni, don na san cikinmu akwai waɗanda sunka gama babul sot da majsot, wasu dabarun jerawa, suna shirin shiga nan.

Bayanan daga shafin NASA POWER na sauko da su, kyauta ne, ka sa wurin da kake so a taswira ka zaɓi ruwan sama na kullum, ni na ɗauki 1981 zuwa 2020, layi 14,610 ke nan. Ƙiyasi ne ba awon da anka yi da gwangwani a ƙasa ba, amma don koyo ya isa. Kafin nan na gwada kod ɗin da lambobin da kwamfuta ta zaɓo barkatai har 100,000, kamar ƙiftawar ido ya gama. Ina ba shi fayil ɗin ruwa sai Python ya tsaya cak da jan rubutu, wai fankshin ɗin, wato guntun kod ɗin da ke jerawar, ya kira kansa ya wuce iyaka, kun san iyakar 1000 ce in ba ka taɓa ta ba.

Abin da kowa ka fara faɗa shi ne matsalar turke ce, wato lambar da kake aza sauran a kanta ka raba su gida biyu, in ka ɗauki ta farko ko ta ƙarshe kuma jerin ya riga ya jeru to ka shiga uku. To na canza, na ɗauki ta tsakiya, ya faɗi. Na sa a zaɓo turke barkatai, ya faɗi. Na yi dabarar nan ta duba uku a ɗauki matsakaiciya, ya sake faɗuwa, a nan raina ya fara ɓaci don duk inda na duba maganin da ake badawa ke nan. Na ɗaga iyakar zuwa 20,000 da ƙarfin tsiya, ya yi aiki dai amma fankar laftof ɗin ta riƙa kuka cikin zafin nan namu, ga ba wuta, sai da na kai caji shagon mai janareta, tsakanin caji da datar da na ƙona wajen kallon bidiyo kusan N3,000 ta tafi, kuɗin da na ware na man mashin.

Takarda da biro ne sunka warware min. Na rubuta sifili takwas na bi kod ɗin da hannu layi layi. Turke sifili ne, sharaɗina ya ce duk wadda ta kai turke ko ta gaza shi ta tafi hagu, to duk bakwai ɗin sun tafi hagu, dama ba kowa. Zagaye na biyu shida hagu, dama ba kowa. Ashe kowane zagaye lamba ɗaya tak yake cirewa, kamar mai kwashe buhun gero da tsinke. Kuma ko ina ka ɗauko turken banza ne tunda duk sifili ne. Ku tuna garinmu, daga Nuwamba har Maris sama ba ta ɗigo, wata biyar sau shekara 40 kwana wajen 6,000 ke nan kusan duk 0.0, ban da ranakun damina da ba a yi ruwa ba. Sifili 6,000 ta wagga hanya kwatanci wajen miliyan 18 ne, alhali in rabon yana tafiya daidai duk fayil ɗin bai fi 200,000 da 'yan kai ba. Lambobin barkatai da na yi gwaji da su da wuya biyu su zo iri ɗaya, shi ya sa abin bai taɓa nuna kansa ba.

Maganin layi biyu ne kawai, abin har da ban haushi. A raba gida uku maimakon biyu, ƙasa da turke, daidai da turke, sama da turke, kuma tulin tsakiya ba a sake taɓa shi. Sifilin nan duka zagaye ɗaya sunka zauna wurinsu. Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan Holan, ne ya yi suna da dabarar, ana ce mata matsalar tutar Holan saboda launi uku, ja da fari da shuɗi. Na maida iyakar 1000 yadda take, ya wuce lafiya lau.

Wani zai ce mi ya kai ka wahala ga sorted() nan, fankshin ɗin jerawa da ya zo da Python. Gaskiya ne, kuma Timsort, dabarar da ke cikin sorted(), da Tim Peters ya rubuta a 2002 ya fi nawa nesa ba kusa ba, yana gane guntayen da sunka riga sunka jeru, kuma ranakun da ruwansu ya zo ɗaya yana barin su bisa tsarin kwanan wata, abin da kwiksot na cikin jeri ɗaya ba ya lamunce maka. Aikin gaske da shi zan yi. Amma da shi na fara da ban taɓa sanin bayanai na da hali nasu ba.

Dalilin jerawar ma ba ado ba ne. Masu nazarin yanayi in suna son sanin mi ake kira ruwa mai ƙarfi a wuri, ranakun da anka samu aƙalla milimita 1 suke warewa su jera, su dubi inda kashi 95 cikin 100 ya tsaya. Masu lissafin ambaliya kuma ruwa mafi yawa na kowace shekara suke jerawa daga babba, su raba yawan shekaru da ƙarin ɗaya da matsayin kowace, a shekara 40 ta ɗaya ta zama ta sau ɗaya a shekara 41, ta biyu kusan 20. Duk wanda ya ga abin da gulbin Rima ya yi a 2010 ya san wanga lissafi ba wasa ba ne. Masu binciken ƙwayoyin halitta su ma sai sun jera fayilolinsu da manhajar samtools bisa wurin da kowane guntun DNA ya faɗa, kuma da yake ba sa shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta gaba ɗaya, gunduwa gunduwa ake jerawa a ajiye sannan a haɗe, majsot ɗin masanin lissafi von Neumann na 1945 ke nan shina aiki har yau. Shi kanshi Tony Hoare a Mosko ya ƙirƙiro kwiksot a 1959, kalmomin Rashanci yake son jerawa don fassara da na'ura.

Ku lura da -999 in kun sauko da irin fayil ɗin, alamar babu bayani ce, a cire ta kafin lissafi.

Yanzu na koma kan sunaye, na jera na 'yan ajinmu sai ga Ɗahiru da Ƙasimu can ƙasan Zainab, saboda lambobin Ɗ da Ƙ a Unicode, tsarin da ka ba kowane harafi lamba a kwamfuta, sun fi na Z. Ina ƙoƙarin haɗa teburin haruffa da zan ba sorted() ya bi, amma sh da ts sun tsaya min, harafi ɗaya zan ɗauke su ko biyu? Wanda ya taɓa yi don Allah ya turo min yadda ya yi.