Mutum 3,155 da aka ce korona ta kashe a Najeriya

Har yau idan hira ta biyo ta kan korona a majalisarmu, ba a rasa wanda zai ɗauko maganar nan: Amurka da duk asibitocinta ta binne sama da mutum miliyan ɗaya, mu kuwa da ba mu da komai, mutum dubu uku da 'yan kai kawai muka rasa. Daga nan sai majalisa ta rabu. Wasu su ce addu'a ce da zafin rana, wasu su ce dama can babu wata cuta, an dai ci kuɗi da sunanta. Ni malamin lissafi ne a sakandare a nan Kano, kuma kunnena ba ya jure jin an ajiye lamba biyu gefe da gefe ba tare da an tambayi yadda aka samo kowace ba.

Lambobin kansu ba ƙirƙirar su aka yi ba, haka suke a rubuce. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta tsaya a kan mutum kusan 267,000 da aka tabbatar sun kamu, da 3,155 da suka rasu. Jamhuriyar Nijar ba ta kai mutum 10,000 da suka kamu ba, mamatanta kuwa ɗari uku da 'yan kai. In ka raba da yawan jama'a, sai ka ga a cikin kowane mutum miliyan ɗaya Najeriya ta rasa wajen 14, Amurka sama da 3,000, Peru sama da 6,000. Rabawar kam ɗan aji ɗaya ma zai yi ta daidai. Matsalar tana wajen abin da aka ba shi ya raba.

Mu fara da layin da ake rubuta "waɗanda suka kamu". Babu ƙasar da ta san adadin waɗanda suka kamu. Abin da kowace ta sani shi ne adadin waɗanda aka zura wa tsinken auduga a hanci, sakamako ya nuna suna ɗauke da cutar. Birtaniya mai mutum miliyan 67 ta yi gwaji sama da miliyan 500, har an kai lokacin da ake raba kayan gwajin kyauta, yaro ya gwada kansa a gida kafin ya tafi makaranta. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 gwajinta gaba ɗaya kusan miliyan 6 ne, kuma da yawa daga ciki matafiya ne masu neman takardar hawa jirgi. Wanda bai duba ba ai ba zai gani ba.

An kuma duba ta wata hanyar. A watan Oktoban 2020 aka ɗebi jinin mutane gida-gida a jihohi huɗu, don a ga ko jikinsu ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. A Legas da Inugu kashi 23 cikin ɗari ne suka nuna alamar sun taɓa kamuwa, Nasarawa 19, Gombe 9. Kashi 23 na mutanen Legas miliyoyi ne, alhali a lokacin abin da ke rubuce wa jihar wajen dubu ashirin ne kawai. Daga baya ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce zuwa Satumban 2021 kusan biyu cikin ukun mutanen nahiyar sun riga sun kamu, wato mutum miliyan 800, a daidai lokacin da takarda ke cewa miliyan 8 da ɗoriya. Saboda haka zancen cewa cutar ta tsallake mu bai taso ba. Ta shige mu kamar yadda ta shiga kowa, mu dai mun kira ta mura ko zazzaɓi, ko "ciwon nan da ke yawo mai ɗauke ƙamshi".

Wannan layin na farko shi ke ɓata na biyu, wato yawan waɗanda suka mutu a cikin waɗanda suka kamu. A ƙarshen Maris 2020 lissafin Italiya na nuna mutum ɗaya cikin goma ke mutuwa, na Jamus kuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Har aka riƙa tambayar ko Jamusawa na da wani magani a ɓoye. Abin da ya faru shi ne Jamus ta fara gwaji da wuri kuma da yawa, sannan waɗanda suka fara shigo mata da cutar yawancinsu matasa ne da suka dawo daga wasan zamiyar ƙanƙara a tsaunukan Ostiriya da Italiya. Ita kuwa Italiya asibitocin yankinta na Lombadi sun cika maƙil, wanda numfashinsa ya riga ya yi nisa kawai ake samun damar gwadawa. In marasa lafiya na kusa da mutuwa kaɗai ka ƙirga, dole cutar ta fito maka da muni. Singafo ta nuna ɗaya gefen: zuwa ƙarshen 2020 mutum kusan 60,000 suka kamu, 29 suka rasu, domin mafi yawansu leburori ne 'yan ci-rani, majiya ƙarfi, da ke kwana a cunkushe a manyan ɗakunan kwana.

Shekaru ke nan, kuma a ganina nan ne rabin amsar tambayar majalisarmu take. Korona ba ta yi wa yaro da tsoho adalci ɗaya ba. Haɗarin mutuwa ninkuwa yake yi duk bayan shekara shida zuwa takwas da aka ƙara a kan shekarun mutum, har ya zama ɗan shekara 80 ya fi ɗan shekara 20 shiga haɗari sau ɗaruruwa. Rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ba, rabin na Najeriya ba su wuce 18 ba, a Italiya kuwa rabin jama'a sun haura 46. Na taɓa bai wa ɗalibaina wannan lissafin a allo. Waɗanda suka kai shekara 65 a Najeriya kusan kashi 3 ne cikin ɗari, wato mutum miliyan 6 zuwa 7. A Italiya kashi 23 ne na mutum miliyan 60, kusan miliyan 14. Ƙasar da ba ta kai kashi ɗaya cikin uku namu ba a yawan jama'a, ta ninka mu a yawan tsofaffi. Wata yarinya a bencin baya ta ce, "Malam, to mu ina namu tsofaffin suka je?" Sai da na ɗan tsaya kafin na ba ta amsa cewa muna haihuwa da yawa, kuma da yawanmu wasu cututtukan kan riga tsufa zuwa.

Sai kuma batun wa ake kira mamacin korona, wanda kowace ƙasa da irin tiyar da ta yi awo da ita, wata a shafe, wata da tozo. Beljiyam ta riƙa sa duk wanda ya rasu a gidan kula da tsofaffi da alamun cutar a cikin lissafi, ko da ba a gwada shi ba, shi ya sa ta daɗe a saman jadawali ana yi mata kallon wadda ta fi kowa sakaci. Ingila da farko duk wanda gwaji ya taɓa nuna yana da ita, ko bayan wata uku mota ta kaɗe shi, cikin mamatan korona yake shiga. A Agustan 2020 suka sa iyakar kwana 28, sai mutum sama da 5,000 suka fita daga lissafin a rana ɗaya. Peru ta yi akasin haka: ranar 31 ga Mayun 2021 ta sake duba takardunta, adadin ya tashi daga dubu 69 zuwa dubu 180. Ba wanda ya ƙara mutuwa a daren, ma'aunin aka sauya. Chaina a Disambar 2022 ta ce wanda cutar ta kashe ta hanyar sarƙewar numfashi kaɗai za ta ƙirga. Tanzaniya kuwa a zamanin Shugaba Magufuli ta tsayar da lissafi a kan mutum 509 da mamata 21, ta shekara ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Namu na nan gida na gan shi da idona. Wanda ya zauna a cikin birnin Kano a watan Afrilun 2020, ana shirin shiga azumi, ba sai an ba shi labari ba. A layinmu ladanin masallaci ne ya fara. Dattijo ne mai hawan jini, ya yi kwanaki yana zazzaɓi da tari, 'ya'yansa suka ɗauke shi a adaidaita suka je wani asibitin kuɗi, suka tarar da ƙofa a garƙame, domin a lokacin asibitoci da yawa sun rufe don tsoro. Suka dawo da shi gida, mai kemis ya zo ya sa masa ruwa. Da asuba ya cika, kafin hantsi an kai shi. A maƙabarta muka tarar da wasu gawawwakin a gabanmu, muka tsaya jiran kabari, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata. Ɗaya daga masu haƙa, hannunsa duk ya yi kanta, yana cewa tun safe ba su ajiye diga ba. Da na koma gida na ce wa mahaifiyata, "Hajiya, don Allah a bar zuwa gaisuwar nan na ɗan lokaci." Ta dube ni ta ce, "Kai dai da tsoro. Wanda kwanansa ya ƙare ko a ɗaka yake sai ya tafi." Ta dai haƙura da ƙyar. Ladanin nan ba wanda ya gwada shi, kafin rasuwa ko bayanta. A makonnin ma wurin gwajin da ake da shi a Kano sai da ya rufe na wasu kwanaki.

Da farko gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon tawagar da ta bi gidajen mamatan tana tambayar iyalansu yadda ciwon ya kasance: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, galibinsu sun haura 65. Rabin 979 kusan 500 ne, a 'yan makonni, a birni ɗaya. Amma in ka buɗe jadawalin NCDC, duk jihar Kano daga farkon annoba har ƙarshenta ba ta kai mamata 200 ba, saboda wanda ba a gwada ba ba ya shiga. Wannan kaɗai ya ishe ni in daina kafa hujja da 3,155.

Ma'aunin da ya fi gaskiya bai damu da gwaji ko sunan cuta ba. A ƙirga duk wanda ya mutu a shekarar, a cire adadin da aka saba gani a shekarun baya, rarar da ta rage ita ce ɓarnar annoba. Da wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 da 2021 duniya ta yi rarar mutuwa miliyan 14.9, alhali ƙasashe miliyan 5.4 suka kawo. Ta ƙiyasta wa Indiya miliyan 4.7 maimakon dubu 481, gwamnatin Indiya ta ce ba ta yarda ba. Afirka ta Kudu, wadda ake yi wa kallon ta fi kowa shan wuya a nahiyar, tana da mamata dubu ɗari da 'yan kai a hukumance, rararta kuwa ta kai wajen dubu 300, kuma an san haka ne saboda tana rubuta mace-macenta. A Lusaka ta Zambiya da masu bincike suka gwada gawawwaki 364 a ɗakin ajiye gawa a 2020, kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da cutar, yawancinsu ba a taɓa gwada su suna da rai ba.

Mu a nan wannan ma'aunin ba shi da abin kamawa. Kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista a Najeriya. Muna binne mamacinmu cikin sa'o'i kamar yadda addini ya koyar, kuma ba wanda ke tunawa da ofishin Hukumar Ƙidaya sai in banki ko 'yan fansho ko kotun rabon gado sun nemi takardar shaidar mutuwa.

Duk da haka ban bi masu cewa an ɓoye gawawwaki miliyoyi ba. Da abin da ya sami Peru ya same mu, da mun rasa kusan mutum miliyan ɗaya da rabi, kuma da abin da Kano ta gani a Afrilu ya yi ta maimaituwa gari-gari wata da watanni. Ba haka aka yi ba. Mun kamu kamar kowa, ƙuruciya ta kare yawancinmu, dattawan da ta ɗauka kuma ba a rubuta su ba. Wanda ciwon ya kai shi gadon kulawa ta musamman kuwa bai ji da daɗi ba: wani bincike a asibitocin ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya da Nijar, ya nuna kusan rabinsu ba su tashi ba, alhali a sauran duniya kusan ɗaya cikin uku ne.

In ana son kwatance mai ma'ana, sai a nemi ƙasashen da shekarun mutanensu da tsarin rajistarsu suka zo ɗaya, irin Suwidin da Norwe. Suwidin ta ƙi yin dokar kulle mai tsauri, Norwe ta rufe makarantu da iyakoki da wuri. Zuwa ƙarshen 2020 Suwidin mai mutum miliyan 10 ta rasa kusan 9,000, Norwe mai miliyan 5 da ɗoriya ba ta kai 500 ba. Wannan bambanci na gaske ne, ba na takarda ba, kuma babban kaso daga cikinsa a gidajen tsofaffi ya faru. Sai dai ko a nan ranar da ka tsayar da ƙirga tana sauya hukunci, domin da aka haɗa rarar mutuwa ta 2020 zuwa 2022, wasu lissafe-lissafen sun sa Suwidin cikin ƙasashen Turai masu mafi ƙarancin asara, tazarar da ke tsakaninta da Norwe ta ragu ƙwarai bayan ita ma Norwe ta sha nata kason a 2022.