Ƙotar maɗaci da takardar izini: aikinmu a Garwa

Shekara 26 ke nan ina sassaƙa ƙotar bindiga da gyaran bindigogin farauta a nan Garwa, amma tambayar da samari suka fi zuwa min da ita bana ba ta shafi ƙota ba. Yaro zai yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, sai ya miƙo waya: "Baba, dubi wannan." In karɓa, in ga Ba'amurke a bayan gidansa da Kalash, wato bindigar Kalashnikov, a kafaɗa yana harbin gwangwanaye. "Ta farar hula ce fa, Baba. Ɗaya-ɗaya take harbi. A nan ma ana iya samun takardarta?"

Nakan ba shi kujera, don amsar ba ta tsaye ba ce. Abin da ya gani gaskiya ne. Akwai masana'antun da ke ƙera bindiga da siffar ta soja sak, amma duk jan kunama harsashi ɗaya ke fita, sannan ta ɗura wa kanta na gaba. Ba ta ɓarin wuta irin ta fagen fama. Rashawa sun yi Saiga a garin Izhevsk a kan tsarin Kalashnikov, Romaniya ta yi WASR, Amurkawa suna da M1A da aka kwaikwayo daga M14 ta sojansu, ga kuma AR-15 da kamfanin Colt ya fara sayar wa farar hula tun 1964. A can dokarsu ta raba biyu: mai ɓarin wuta an ɗaure ta da rajista tun 1934, aka kuma hana yi wa farar hula sababbi a 1986, amma mai ɗaya-ɗaya tana kanti a yawancin jihohinsu. Ko a ƙasashen Turawan ma ba kowa ya yarda ba. Ingila ta haramta manyan irinsu a 1988 bayan kisan gillar da aka yi a garin Hungerford, New Zealand ta bi sahu a 2019 bayan an harbe masallata a Christchurch.

Mu nan Kamaru dokarmu daban. Dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai gida 8, kuma abin da aka ƙera don yaƙi na hukuma ne. Farar hula rabonsa bindigar kare kai ko ta farauta, ita ma sai da izinin ma'aikatar mulkin cikin gida, bayan an bincika halinka. Takardar farauta kuma daban take, wannan ta ma'aikatar gandun daji ce. Izinin ma ba gado ba ne: a watan Afrilun 2018 minista ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a yankuna 6, har da maƙwabtanmu na Adamawa. Sai in ce wa yaron, "Ɗana, jandarman da zai tare ka a hanyar Ngaundere ba zai tsaya ƙirga harsashi nawa take fitarwa ba. Kalash ya gani."

Wannan magana ta "ɗaya-ɗaya ai ba ta yaƙi ba ce" tana tuna min da maigidana, Allah ya jiƙansa. Tsohon soja ne na zamanin Faransa, a ɗakin gyaran makamai ya yi aikinsa. Shi ya fara gaya min cewa MAS 49 da sojan Faransa suka riƙe, mai cin harsashi 10, da ma can ɗaya-ɗaya take harbi, haka ma Garand ta Amurka mai cin 8 da suka yi yaƙin duniya na biyu da ita. Duk an binne mutane da su. Yakan ce gari ɗaya ne, Saint-Étienne, ya haifi MAS ta soja da Simplex ta maharba, amma ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Ina da shekara 15 mahaifina ya kai ni wurinsa, kuma na yi shekara biyu cur bai bar ni na taɓa ƙarfe ba. Itace kawai. In na kawo masa gungume sai ya ƙwanƙwasa da bayan gizago ya kara kunne. Busasshe yana amsawa da ƙara siririya, ɗanye kuwa sai ka ji dum kamar an bugi kabewa. Har yau haka nake zaɓen itace, ba ni da wata na'ura da ta fi wannan kunnen.

Maɗaci nake aiki da shi, wani lokaci maɗobiya in mai kaya yana son jan launi mai duhu. In na sayi katako ba ya ganin zarto sai ya shekara uku a inuwa, a jere bisa sanduna iska na ratsa shi, na toshe bakunansa da kakin zuma don kada ya tsage. Sirrin ƙota yana wuyanta, wurin da hannun dama ke kamawa. Nan ne ya fi siranta, nan ne kuma duk bugun bindiga ke bi ya sauka a kafaɗa. Dole jijiyar itacen ta bi wuyan a miƙe. In ta gitta, wata rana a daji za ta rabe maka biyu.

Kafin in sa wuƙa sai na auna mutum. Yakan tsaya, ya rufe ido, ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, sannan ya buɗe. In idonsa bai faɗa kan saiti kai tsaye ba, laifin ƙotar ne. Dogon Bafulatani mai siririn kunci da gajeren mutum mai faɗin ƙirji ba za su ɗauki ƙota ɗaya ba, ko da bindigarsu iri ɗaya ce. Zaunar da ƙarfe cikin itace kuwa, da hayaƙin fitilar aci-bal-bal nake yi. In turara ƙarfen ya yi baƙi, in kwantar da shi a gurbinsa, in ɗaga. Duk inda baƙin ya taɓa, nan zan kankare kaɗan, ƙasa da kaurin farce. In sake turarawa. Wani gurbin sai na yi haka sau 40 kafin ƙarfe da itace su haɗu yadda ko takardar sigari ba za ta shiga tsakaninsu ba. Daga nan sai zanen kamu, layi bisa layi da hannu, don kada gumi ya sa ta zame. Sai mai, a shafa da tafin hannu, a bar shi ya sha, gobe a ƙara, har sati uku.

To wannan aikin ne wasu ke cewa ya yi tsada, wai akwai mai yi a bayan kasuwa cikin kwana biyu. Akwai kam. Da damina suke sassaƙa ɗanyen katakon kafinta, su cike ramukan da garin katako da gam, su shafe da man takalmi ya yi ƙyalli. Hunturu na busowa sai ƙotar ta buɗe baki. Bara wani Alhaji daga wajen Tcholliré ya kawo min bindigarsa ta farauta ƙirar Baikal mai baki ɗaya, lamba 12, an ɗaure wuyanta da robar tayar keke, ƙusoshi uku a ciki. Ya harba kan zabi, ƙotar ta tsage ta yanke masa kunci. Tabon na nan ƙarƙashin idonsa. Duk da haka da na faɗi kuɗin aiki sai ya ce, "Haba Malam, itace ne fa." Na ce, "Alhaji, wancan ma itace ne." Ya yi shiru, ya ciro takardunsa.

Takardun nan su ne babban abin da ya raba mu da 'yan bayan kasuwa. Bindiga ba ta kwana a shagona sai na ga izinin mai ita da katinsa, na gwada lambar da ke jikin ƙarfe da ta takarda, na rubuta a littafi. Su kuwa ko daga ina ta fito, kawo kuɗi kawai. An sha zuwa min da dare da abu a naɗe cikin buhu, wai ƙotar Kalash ce ta karye, a taimaka. Ban taɓa kwance buhun ba. Wanda ya ga abin da mahaya dawakai suka yi wa giwayen gandun dajin Bouba Ndjida a 2012, ɗaruruwa a kwance an sare haurensu, ko ya san iyalan da masu garkuwa da mutane suka tasa daga rugagensu a yankin Mayo-Rey, ba zai gyara wa irin wannan bindiga mazaunin kafaɗa ba. Ina ji a raina cewa hannuna zai shiga cikin duk abin da ta aikata.

Masu jagorar farauta na yankunan Faro da Binuwai su suka san darajar aikin. Bindigarsu ta ɓauna, .375 mai ɗurin hannu, bugunta ba ya yafe wa ƙota mai rauni, kuma akwai wadda na yi tun 2009 har yanzu tana shiga daji. Lokacin farauta na buɗewa a Disamba, saboda haka mai son sabuwar ƙota ya kawo tun Satumba, da takardunsa a hannu. Maɗacin da na jera a 2021 ya bushe, na ƙwanƙwasa shi shekaranjiya, zai ba da ƙota 9.