Hutu da albashi haƙƙi ne, amma a ƙananan kamfanoninmu alfarma aka mayar da shi

Indai ka taɓa aiki a ƙaramin kamfani a nan Arewa, gidan fiya wata ne, gidan burodi ne, famasi ko wurin ɗab'i, to ka san yadda ake neman hutu. Sai ka karanci fuskar oga tukunna, ka jira ranar da aka yi ciniki, sannan ka je kana sosa ƙeya, ranka ya daɗe dan Allah a taimaka min da kwana biyu zan kai mahaifiyata asibiti. In ya ga dama ya ce Allah ya ƙara sauƙi jeka, in bai ga dama ba ƙarshen wata kawai ka ga an zabge maka kuɗin kwanakin. Abin nan yana ci min rai wallahi, don mafi yawan masu wannan roƙon basu ma san akwai doka a kai ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda take nan tun shekarun 1970, ta ce duk ma'aikacin da ya cika wata 12 a jere yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki kuma da cikakken albashinsa, in yaro ne ɗan ƙasa da shekara 16 kwana 12 ne. Rashin lafiya kuma lissafinsa daban, har kwana 12 a shekara za a biya ka indai ka kawo takardar likita. Mace mai ciki sati 6 kafin haihuwa sati 6 bayan haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 a wurin, kuma ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutun ba. Har mai shayarwa an ware mata rabin awa sau biyu a rana. Dokar ma ta hana a ba mutum kuɗi a madadin hutun shekararsa sai dai in barin aikin zai yi, wato hutun ake so ya yi da gaske.

Wasu masu kamfani za ka ji suna cewa ai mu ƙanana ne wannan bata shafe mu ba, ina ganin suna haɗa ta ne da dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 wadda ta cire wuraren da ma'aikatansu basu kai 25 ba. Waccan daban, wannan daban. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ƙwadagon ta fi magana kan masu aikin ƙarfi da na akawu, manaja ko akanta ko wani ƙwararre abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsa aiki shi ne madogararsa, to ina ga wanda ko takardar ba a bashi ba, alhali doka ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce.

Kuma fa kwana 6 ɗin nan kaɗan ne ƙwarai. Ghana kwana 15 ne na aiki, maƙwabtanmu Nijar kwana biyu da rabi ake tara wa mutum duk wata, kusan wata guda kenan a shekara. A gwamnatin tarayya mata na samun aƙalla sati 16 na haihuwa, a 2021 aka amince wa maza kwana 14, jihar Kaduna kuma ta kai na ma'aikatanta mata wata 6 tun 2019. Amma yarinyar da ke ƙulla leda a kamfani ko mai tsaron kanti, ko arba'in bata yi ba take dawowa don ta san in ta daɗe za ta tarar an saka wata.

Ban ce masu kamfani mugaye bane. Na san wanda yake da ma'aikata biyar in ɗaya ya tafi aiki ya tsaya, ga kuɗin gas na janareto, ga kuɗin wuta, ga masu haraji kala-kala. Da yawansu ma suna yin abin da ya fi doka, in an yi maka rasuwa su barka har sadakar bakwai, su zo gaisuwa, ranar suna su aiko da gudummawa. Matsalar ita ce tunda ba a rubuce yake ba sai ya zama wa ka sani wa ya sanka, ɗan uwan oga ya tafi biki sati guda ba wanda ya ce uffan, bare kuma ya yi zazzaɓin kwana biyu a yanke masa, daga nan ake fara ƙullatar juna, mutum ya koyi yin ƙaryar mutuwar kakarsa don kawai ya samu ya huta.

Gyaran baya buƙatar lauya. Takarda ce shafi ɗaya a manna a ofis: kwana nawa ne na shekara, nawa ne na ciwo, nawa ne na rasuwa da haihuwa, kwana nawa kafin tafiya za ka sanar, da littafi guda da ake rubuta wa ya tafi yaushe ya dawo. A farkon shekara a zauna a raba, tunda kowa ya san gidan burodi da shagon ɗinki basa iya sakin mutum a azumi da jajiberin Sallah, sai a tura hutun watannin da kasuwa ke ja baya, kuma a koya wa mutum biyu kowane aiki yadda tafiyar ɗaya ba za ta tsayar da injin ba.

Kai kuma ma'aikaci, ran da za a ɗauke ka kada ka tsaya a nawa ne albashi kawai, tambayi hutu cikin ladabi kuma ka nemi a rubuta. In an danne maka haƙƙi, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da ofis a jihohi ana kai ƙorafi a yi sulhu, in abin ya gagara akwai kotun ma'aikata.