Godiya bayan an sallamo yarona daga Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. An sallamo mu, yaro yana gida, yana cin abinci da hannunsa, jiya har sallar Magariba ya fita masallaci tare da babansa. Ni ce dai har yanzu jikina bai dawo ba, ko na kwanta sai in farka firgigit ina neman robar ƙarin ruwa in ga ko ta ƙare. Kun san ɗan fari ne, ba a san uwa da fitowa bainar jama'a tana magana a kansa ba, amma yau ku yi mini uzuri, nauyin godiyar ya fi na alkunya.

Ba zan maimaita abin da kuka sani ba. Sai dai har yau ana kirana ana tambaya wane irin ciwo ne, wasu na cewa apolo ne ya yi tsanani, wasu na cewa hannu aka sa masa. To ga abin da likitoci suka zaunar da mu suka bayyana. A gindin ƙoƙon kai, bayan idanu, akwai magudanan jini guda 2, dama da hagu, inda jinin ido da wani sashe na jinin fuska ke bi. Wani maruru ne ya fito a gefen hancinsa, da ya matse shi, ƙwayar cutar da ke ciki ta bi jijiya ta isa can, jini ya daskare ya toshe hanya. Shi ya sa idon ya kumbura ya turo waje, fatar ido ta sauko ta rufe shi, ƙwayar idon ta kasa juyawa gefe, ga zazzaɓi, ga ciwon kai da ba ya jin farasitamol. Hoton MRI ne ya nuna gudan jinin, gwajin jini kuma ya fito da ƙwayar da suke kira sitafilokokus, wadda suka ce ita ce ta fi haddasa wannan ciwo. Suka ce ciwon haƙori ko ruɓar kogon hanci ma na iya kai mutum nan.

Daren da ba zai bar raina ba shi ne daren da ɗaya idon ya soma tashi. An riga an gaya mana magudanan biyu a haɗe suke, cikin kwana 1 ko 2 ciwon na iya tsallakawa. Amma ji daban, gani daban. Wajen tsakar dare na haska fuskarsa da fitilar waya na ga gefen idon dama ya yi ja ya cika, shi kuma yana kirana Umma yana cewa mutum biyu yake gani a tsaye. Wallahi ƙafata kasa ɗaukata ta yi. Wata likita ce ke aikin dare, yarinya ce ƙarama, na isa haihuwarta. Ta zo da sauri, ta sa ya bi yatsanta da ido, ta haska masa tocila, ta lanƙwasa wuyansa don ta ga ko sanƙarau ya shiga. Da ta gama sai ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna, ta ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba, ciwon nan yana kisa. Kafin a samu magungunan kashe ƙwayar cuta, kusan duk wanda ya kama ba ya tashi. Yanzu mafi yawa suna tashi idan an fara allura da wuri, mu kuma ba mu jira hoto ya fito ba muka fara masa." Ta zuba mini shayi daga filas ɗinta, ta ce in je in yi nafila, tana nan a kansa har in dawo. Na dawo na same ta a inda na bar ta. 'Yata, ban san gidanku ba, amma Allah ya san ki. Allah ya yi wa iyayenki albarka, ya ba ki miji da zuri'a masu jin ƙanki, ya tsare ki ranar da kowa ke ta kansa.

Daga nan sai haƙuri. Allurai iri 3 na kashe ƙwayar cuta ta jijiya dare da rana, har da Flagyl da bankomaisin mai tsadar nan, ga allurar hefarin ta tsinka jini. Ko da zazzaɓi ya sauka ba su tsayar ba, suka ce irin wannan ciwo sai an yi sati 3 zuwa 4 ko fiye ana yi. Likitocin ido, na kunne da hanci da maƙogwaro, nas-nas da masu shara, Allah ya biya ku.

Akwai waɗanda suka hana ni ambatonsu, amma ba zan iya ba. Abokiyar zamana ta cire ɗankunnenta na zinare ta miƙa wa maigida ranar da kuɗin hoto ya gagara, ta riƙe mini ƙannensa kamar ita ta haife su. Yaya, ban da bakin gode miki. Baffansa ya rufe shagonsa a kasuwar Kwari ya koma kwana a barandar asibiti. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu bai taɓa karɓar ko sisi ba. Liman ya yi sanarwa bayan Asuba, matan Islamiyyarmu suka ba ni ɗaukar adashin da ba tawa ba. Ga wata baiwar Allah daga Damagaram da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu, ita ke tashina idan ruwa ya kusa ƙarewa. Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke, gidansu ba nisa da titin Zariya inda asibitin yake, ko sallama a waya ba mu samu ba. Ban riƙe kowa ba, na dai lura.

Har yanzu idan ya kalli hagu abu biyu yake gani, likitoci sun ce jijiyar kan ɗauki watanni kafin ta warware, kuma yana kan maganin tsinka jini. Don Allah masu zuwa dubiya kada a kawo masa maganin ɗigawa a ido ko na sha, an hana mu haɗawa da komai. Addu'arku muke so.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya sa ku gani a mizani. Waɗanda muka baro a kwance, Allah ya tashi kafaɗunsu, ya buɗa wa masu jinyarsu. Wanda muka ga an rufe da zane a ɗakin nan, Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.