Wa Ya Zauna a Baya?

Rahoton farko da na rubuta a kan jif ɗin iyali shafi huɗu ne, kuma har ga Allah na ɗauka na burge. Lokacin watana uku a sashen da ke gwada motoci kafin a ba masu saye shawara. Motar da aka ba ni matsakaiciya ce mai sahu uku da kujeru bakwai, ajin su Toyota Highlander da Honda Pilot da Kia Telluride. Kwana biyu ina yawo da ita ni kaɗai. Na auna daƙiƙun da take ci daga tsaye zuwa gudun kilomita 100, na kwafo ƙarfin inji daga takardar kamfani, na yaba yadda giya ke shiga ba fizga. Ogana ya karanta a tsaye, ko zama bai yi ba. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya zauna a baya?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To ai motar tuzuru ka gwada mana." Ya haɗa takardun da makulli ya miƙo mini.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Washegari ya sa aka fito da buhunan yashi masu kilo 25, da kujerun yara biyu, da keken jariri mai naɗewa, sannan ya ja ni zuwa ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai 'yar takarda manne, wadda na kwana biyu ina shiga ina fita ta gefenta ban taɓa kallo ba. Ita ke faɗin iskar da ta dace da tayoyi, da iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. Ta wannan motar ta ce kilo 600 da 'yan kai. Ya ce in yi lissafi. Manya bakwai, ko a bar kowa a kilo 75, sun tashi 525. Abin da ya rage wa akwatuna bai wuce nauyin ƙato ɗaya ba. Kujera bakwai ɗin da ke cikin talla ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta nufin manya bakwai da kayan tafiyar mako guda. Mai jan tirela kuwa, nauyin da bakinta ke dannawa a kan ƙugiya ma daga wannan kason ake cire shi.

Da muka loda ta sai ta koma wata mota daban. Bayanta ya ɗan zauna, sitiyari ya yi sakayau, ramin da jiya ta haɗiye shiru yau ta buga shi har ƙashin baya. Nan na gane lambar da na fi alfahari da ita a rahoton ita ce mafi ƙarancin amfani. Wane uba ne zai tsaya a danja ya take totur har ƙasa da yara a baya? Abin da yake bukata shi ne saurin hawa daga gudun kilomita 80 zuwa 120, lokacin da ya fito zai wuce babbar mota ga wata tana tahowa can nesa. A nan ƙarfin murɗawar inji, wato ƙarfin da yake juya tayoyi da shi, ma yana da magana, ba ƙarfin doki kaɗai ba. Toyota ma da ta sauya injin Highlander a samfurin 2023, ta cire mai fulogi shida na lita 3.5 ta sa mai fulogi huɗu na lita 2.4 da na'urar cusa masa iska, ƙarfin dokin ya sauka daga 295 zuwa 265, amma murɗawar ta ƙaru. Wanda ya tsaya ga lambar doki kawai zai ce an ci baya.

Birki kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. A gudun kilomita 100 mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma in ka ninka gudu, nisan tsayawa ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Birki ɗaya ba ya faɗin komai. Ogan ya sa na taka sau biyar a jere ba hutawa, a na ƙarshe warin ƙuna ya cika wurin, birkin ya yi laushi a ƙafata. Haka zai kasance a gangaren dutse da mota cike. Daga nan muka jera robobin hanya, irin masu tsinin nan da ake ajiyewa a titi, muka yi gwajin kaucewa, wato ka karkata kwatsam ka dawo hannunka kamar dabba ta faɗo titi. Gwajin ya yi suna ne a 1997, da Mercedes A-Class ta kife a hannun 'yan jaridar mota a Suwidin, har kamfanin ya gyara ƙafarta ya ƙara mata na'urar da ke danna birkin taya ɗaya-ɗaya don hana mota sulɓewa. Amurka ta wajabta na'urar daga samfurin 2012. A jif, mai tsawo sama da nauyi a bisa, kana jin ta tana aiki, gur-gur-gur a ƙarƙashinka.

Man da take sha ban daɗe a kansa ba. Lambar kamfani a ɗakin gwaji ake samo ta, ko bayan da Turai ta koma sabon tsarin awo na WLTP a 2017. Cika tanki, yi tafiyarka da kaya da esi a kunne, sake cikawa, raba da kilomita. Shi ke nan.

Inda na fi shan karatu shi ne sahu na uku. Ogan ya karɓi makulli ya ce in shiga can baya, ya tuƙa ni minti arba'in. Shigar ma aiki ce: ka ture kujerar tsakiya, ka sunkuya, ka murɗa ƙugu kamar mai shiga akurki. Da na zauna sai gwiwoyina suka taso kusan ƙirji, domin daɓen wurin a sama yake, ƙafar motar ta baya da sauran tarkace na ƙarƙashinsa. Takarda za ta ba ka faɗin wurin miƙe ƙafa, ba za ta gaya maka cinyarka ba ta taɓa kujera ba. Minti ashirin ƙafata ta mutu. Gilashin gefe ɗan mitsitsi ne kuma ba ya buɗewa, sanyin esi da ƙyar yake isowa. Ni da na rubuta "wadataccen fili" a shafi na uku!

Sai kujerun yara. Irin waɗannan motoci na da ƙarafunan maƙalawa a lungun kujera, ISOFIX a Turai, LATCH a Amurka. Samuwarsu daban, kai hannu gare su daban. Na wannan sun nutse cikin soso har sai da na kankare yatsa. Da na gama ɗaure biyun, sai ga matsalar da ba ta taɓa zo mini a rai ba: kujerar tsakiya ta daina kwantawa, hanyar sahu na uku ta toshe. Wasu motocin an ƙera kujerar ta zame gaba ɗungurungum da ta yaron a kai, wasu kuma a'a, kuma ba ka sani sai ka gwada da hannunka. But ɗin ma haka. Lita nawa-nawa da ake bugawa, a Turai da ƙananan tubala masu lita ɗaya ake cika wurin a ƙirga, tubali kuwa yana shiga kowane lungu. Keken jariri ba ya shiga. Da sahu na uku a tsaye, sai da na cire masa taya ɗaya kafin murfin ya rufu.

Da yamma, na ɗauka mun gama, sai ogan ya ce in koma kujerar direba in gyara zama yadda na saba. Ya ɗauko robar hanya guda, tsawonta kamar na yaron da ya fara tafiya, ya ajiye ta dab da bambar gaba. Ya ce, "Kana ganinta?" Na ce a'a. Ya ja ta nesa da motar taku ɗaya. Ban gani ba. Ya ƙara ja. Sai a taku na huɗu kanta ya leƙo saman bonet. Kyamarar baya dai Amurka ta wajabta ta tun 2018, amma gaban wannan motar ba kyamara, ba ƙararrawa. Ya auna tsakanin da tef, ya rubuta lambar a bayan tsohon rahotona, ya ce da ita zan buɗe sabon.