Ajin 'Yan Nazare a Bakin Layin Dogo

Zangon farko da aka ba ni ajin 'yan nazare a wata makarantar kuɗi a unguwar Agege da ke Legas, kullum da dasasshiyar murya nake komawa gida. Yara 28, 'yan shekara 4 zuwa 5: wannan na kuka da Hausa, wancan na kawo ƙara da Yarbanci, ni kuwa ba abin da na iya sai tsawa. Bulala dai gwamnatin jihar Legas ta hana a makarantu, ko da yake wasu iyayen kan ja ni gefe su ce, "Malama, ki zane shi, mu ma haka aka yi mana."

Jirgin ƙasa ne ya fara koya mini hankali. Makarantar ba nisa da layin dogo, kuma tun 2021 jirgin Legas zuwa Ibadan ke ratsa Agege. Da ya yi hon, sai ajin ya kwasa zuwa taga. Na yi faɗa har na gaji. Rannan sai na bi su, na ce to mu ƙirga taragai tare. Jirgi na ƙulewa kowa ya koma kujerarsa, ba wanda na ja da hannu. Har yau a tagar nan muke lissafin safe.

Akwai wani yaro mai cizo da na riga na yanke wa hukuncin rashin ji. Ashe mahaifiyarsa a kasuwar Mile 12 take sana'a, da asuba take fita gudun cunkoson motoci, shi kuwa da cikinsa wayam ake kawo shi. Na roƙi shugabar makaranta aka dawo da cin abinci ƙarfe 9:30 maimakon 11, ga burodin Agege a bakin ƙofa. Na kuma ɗora masa rabon fensir. Cizon bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai.

Yanzu in ina son shiru, tafi uku nake yi, su amsa da biyu, sannan in sassauta murya har sai sun kasa kunne. Mai laifi kuwa durƙusawa nake daidai tsayinsa, in faɗa masa abu ɗaya tak: "Zauna nan kusa da ni."

Ranar da ruwan Yuni ya sauka a kan kwanon ajin, duk wannan dabara ba ta aiki. Sai mu ture kujeru gefe, a shimfiɗa tabarma, in ce "Ga ta nan, ga ta nanku."