Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Kawu Ya Tsayar da Safa

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta damƙa ni hannun Kawu in zama yaron motarsa. Na so in zarce zuwa zancen aurena, amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, in ban amayar da ita ba sauran labarin ba zai miƙe ba. Maganar Baffa ce, da ya ce a gaban dangi wai Kawu rago ne, barci ne ya raba shi da aiki. Baffa ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta masa, amma 'ya'yansa suna karanta wannan rubutu, kuma har yau akwai mai maimaita kalmar a cikinsu. To ni ina cikin motar a daren da abin ya faru.

Fasinja bai san komai ba game da doguwar safa sai kujerarsa. Ya yanki tikiti, ya miƙa jaka a sa masa a ma'ajiyar kaya ta ƙasa, ya hau ya kwantar da kujera, shi ke nan sai a tashe shi in an iso. Mu kuwa tun rana tsaka muke fama. Ni ke jera kaya, masu nauyi a ƙasa, a raba su dama da hagu don kada motar ta karkata. Kawu bai yarda a ɗora ko buhu ɗaya a sama ba, ya ce mota mai tsayi in ka ƙara mata nauyi a ka, kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya kayar da ita. Yakan zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kuma ba ya motsawa sai allurar iskar birki ta cika. A doguwar gangara da ƙaramar giya yake sauka, domin birki in aka danne shi ba hutu zafi yake ɗauka ya daina kamawa. Mutumin da ke wannan kiyayewa shi aka kira rago.

Da na fara, direba biyu ne a kowace motar dare. Akwai ɗan gado a baya, ɗaya na tuƙi ɗaya na kwance, a tsakar hanya su yi musaya. Daga baya manaja ya ga albashin mutum biyu ya yi masa yawa, ya cire na biyun. Gadon ma aka kwance shi aka sa kujeru. Sai ya zama Kawu ya kwana a kan sitiyari, ya iso da hantsi, a wanke mota, kafin la'asar an fara sabon lodi. Barcinsa duka ɗan abin da ya samu ne a kan kujerun baya, cikin zafi da hayaniyar tasha.

"Barci ɓarawo ne, ba ya sallama." Ban san iyakar sau nawa na ji wannan daga bakinsa ba. Wurina ɗan kujerar nan ne mai naɗewa ta bakin ƙofa, kuma babban aikina in dare ya raba shi ne kallon Kawu, ba kallon hanya ba. Shi ya koya mini abin da zan lura da shi: hamma a jere, kai yana sunkuyowa yana zabura, mota tana taka layin tsakiya tana dawowa, gudu yana hawa yana sauka ba dalili. Ya ce mafi muni shi ne direba ya farga bai tuna garin da ya wuce yanzu ba. Ya ce, "Ɗan nan, in ka ga haka kada ka ji kunyata, taɓa ni." Sauke gilashi, ƙure rediyo, watsa ruwa a fuska, duk ya gwada a ƙuruciyarsa, ya ce yaudarar kai ne, minti kaɗan suke saya maka. Daga ƙarfe biyu zuwa asuba nan ne ɓarawon ya fi ƙarfi.

A daren nan na taɓa shi, can kuma na sake taɓa shi. Bai ce mini komai ba. Da muka hango wani gidan mai da haske da masu gadi sai ya sa sigina ya shiga, ya ja birkin hannu, ya kunna fitilar ciki, ya miƙe ya fuskanci mutane. Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Idona ya yi nauyi, zan ɗan kwanta, sannan mu ci gaba." Mota ta ɗauki hayaniya. Wani mai kaya da yawa a ƙasa, wanda ke son ya riski kasuwar safe, ya taso har gaba yana cewa, "Malam direba, kuɗinmu muka biya, ba mu biya don mu yi gadin barcinka ba." Wasu suka mara masa. Wata dattijuwa a layi na biyu ce kaɗai ta ɗaga murya ta ce, "Kwanta abinka, ɗana, mu muna da masu jiranmu a gida." Kawu bai yi musu da kowa ba. Ya kwanta, bai cika awa guda ba ya tashi, ya wanke fuska, muka kama hanya. Muka iso a makare, kowa da ƙafafunsa ya sauka.

Mai kayan nan ya kai ƙara. Kafin mu gama sauke kaya manaja ya aiko a karɓi makulli. Ba a tambayi Kawu awa nawa ya yi ido biyu ba, ni ma da nake shaida ba a kira ni ba.

Shekaru sun shuɗe, ni ma na zama direba, har aka tura mu bita kan kiyaye haɗurra. A can na ji abubuwan da suka sa na riƙa jin kamar in tashi in je in karanta wa Baffa. Malamin ya yi mana lissafi a allo: mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ido ya rufe daƙiƙa 4 kacal, an wuce mita 110, fiye da tsawon filin ƙwallo, ba mai riƙe da mota. Ya ce masu bincike a Ostireliya sun nuna tun 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha barasa. Ya kawo mana dokar Tarayyar Turai ta 2006, wadda ta ce direban babbar mota ba zai wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi ba sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida awa 9 ne iyakarsa a yini. Har na'ura ake sa wa motar tana rubuta lokacin tuƙi da na hutu, jami'i ya tsayar da kai ya duba. A can wanda ya ƙi tsayawa shi ake ci tara, shi da mai motar. Kawu bai taɓa jin labarin wannan doka ba, abin da ya sani shi ne ɓarawo ba ya sallama, kuma a kansa ya rasa abincinsa.

Na tuna ranar da Baffa ya yi maganar. Kawu yana zaune, Inna tana daga ciki tana ji. Baffa ya ce, "Mutum a ba shi amanar mota ya je ya shimfiɗa barci a hanya, ai dole a kore shi." Aka yi dariya. Ni yaro ne, ba ni da bakin magana a gaban manya, na fita waje ina huci. Baffa bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa. In ya hau safa shi ma kujera yake kwantarwa ya yi minshari har gari ya waye, kuma direban da bai san sunansa ba ne yake kai shi gida lafiya. Amanar da yake magana a kai, ta ƙarfe da taya yake nufi. Mutanen da ke cike da motar, har da jarirai a cinyar uwayensu, bai sa su a lissafi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Na ga rabona na wannan adadi da idona, motoci a kife a gefen titi da sassafe, hanya miƙaƙƙiya, babu ko alamar taka birki a kan kwalta. Duk direba ya san ma'anar wannan. Kawu ya yi tuƙin dare har gashinsa ya yi fari, bai taɓa kai gawar fasinja gida ba, kuma ina so jikokinsa su ji wannan daga bakin wanda ya zauna kusa da shi.

Bayan korar ya daɗe ba aiki. Inna ce ta riƙa aika musu abin da ya sawwaƙa a ɓoye, don kada gidan Baffa su ji. Ni kuma manaja ya ce in zauna in bi sabon direba, na ce a'a, inda Kawu ya sa ƙafa nan zan sa tawa. Yadda muka ƙare a garejin wani tsohon abokinsa, da yadda a can ya fara ɗora ni a kan sitiyari, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.